Idan jirgin ƙasa na Haramain ya tsaya: yadda jagoran ayarin Umra zai sake tsara tafiyar mutanensa

Duk shekara idan Sha'aban ya kama, ana shirin Umrar azumi, tambaya ɗaya ce ke yawan zo mini daga masu ajans a nan Yamai da waɗanda aka ɗora wa jagorancin ayari karo na farko: "Malam, mun sayi tikitin jirgin ƙasa na Makka zuwa Madina, in aka wayi gari an soke shi ko an ɗaga, yaya za mu yi da mutum arba'in?" Na amsa ta a ofis, na amsa ta a bakin masallaci, har wani abokin aiki daga Tawa ya tsare ni da ita kusan awa guda a waya. To ga amsar a jere, gwargwadon abin da na koya wajen raka mutane.

Ba abin mamaki ba ne da lamarin yake mana baƙo. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, aka gama a 2016, bai kai ga jigilar fasinja ba. Tsarin motar kar muka sani: ka san wani a tasha, ka kira shi, a ɗan jira ka. Jirgin Haramain kuwa yana gudun kilomita 300 a awa, a kan layi mai kusan kilomita 450, kuma kowace kujera da sunan mai ita da lambar fasfonsa. Tashoshinsa biyar ne: Makka, Jidda Sulaimaniyya, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Ka haddace su, domin duk dabarar da za ta zo ƙasa a kansu take.

Wannan bayani na Umra ne. A lokacin aikin Hajji jigilar alhazai tana hannun hukumomi da kamfanonin da aka ba kwangila, jagora ba ya yanke shawara shi kaɗai.

1. Haɗa kayan aiki tun kana gida

Rabin aikin sake tsara tafiya a Yamai ake yin sa, kafin a nufi filin jirgi na Diori Hamani.

Da farko, takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kowane mutum yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da ranar haihuwa, da lambar tikitin jirgin ƙasa. Ka buga ta kwafi biyu, ka kuma ajiye ta a waya. Ranar da za ka sayi sababbin kujeru ana rige-rige, ba ka da lokacin bin tsofaffi ɗaki-ɗaki kana cewa "Hajiya, ina fasfonki?"

Na biyu, manhajar jirgin, HHR Train, ka sauke ta, ka buɗe asusu, ka gwada shiga tun kana gida. Ka sa a wayar mataimakinka ma.

Na uku, katin banki da ke biyan kuɗi ta intanet, da isasshen kuɗi a ciki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ni dai ina ware wa kowane mutum kimanin riyal 250 na ko-ta-kwana, rabi a kati rabi a hannu. Riyal 100 yakan kama wajen jikka 15 zuwa 16 na sefa, gwargwadon yadda dalar Amurka take, don riyal a ɗaure yake da ita. Ka faɗa wa mutane tun wajen biyan kuɗin kujera cewa akwai wannan ajiya, kuma za a mayar musu in ba a taɓa ta ba.

Hattara: yawancin katunanmu, in za ka biya, banki yakan turo lambar sirri ta saƙo zuwa layinka na Nijar. In ka cire pis ɗinka na gida ka sa na STC ko Mobily ko Zain, saƙon ba zai same ka ba. Na taɓa tsayawa da kujeru goma sha ɗaya a kan allon waya, ina kallo lokacin biya ya ƙare, saboda layina yana cikin aljihun akwati a otal. Ka riƙe waya mai layi biyu, ka tabbatar layin gida yana karɓar saƙo a waje.

Sai batirin ajiya da caja. Sai lambar direbobi biyu ko uku da lambar kamfanin bas da ajans ɗinku ke hulɗa da shi a can.

2. Minti goma na farko: gano irin matsalar

An turo saƙo, ko kun iso tasha kun tarar allo ya canza. Kada ka fara da kiran Yamai, kada kuma ka tara mutane ka yi musu jawabi. Ka zaunar da su wuri ɗaya, ka bar mataimakinka da su, kai ka je ka samo amsar tambayoyi uku daga ma'aikacin tasha: me ya faru, a wane yanki na layin, kuma akwai jirgin da ke tafiya yanzu ko duka sun tsaya?

Amsar tana da amfani ne in ka san yadda masu ba jirage hanya suke tunani. Suna zaune a ɗakin sa ido, layin duka yana gabansu a allo, kuma dabarunsu ba su da yawa.

In iska ce ko guguwar rairayi ko wata ƴar matsalar sigina, sukan rage gudu. Jirage suna tafiya, sai dai a makare. Jirgi mai gudun 300 yana bukatar fiye da kilomita uku kafin ya tsaya cak, don haka ba a yarda wani ya matso kusa da wani. Na gaba in ya yi jinkiri, duk na bayansa sun yi. A wannan hali tikitinka yana nan da ransa, haƙuri kawai za ka yi.

In layi ɗaya ne cikin biyun ya toshe, misali jirgi ya lalace a kai, sai a mayar da ɗayan na zuwa da dawowa. Kamar gada ce mai ɗaukar mota ɗaya: waɗannan su wuce, waɗancan su jira. Layin ba zai iya ɗaukar adadin jiragen da aka tsara ba, dole a soke wasu, a tura fasinjojinsu cikin na gaba. Wani lokaci akan haɗa jirage biyu su tafi a matsayin ɗaya. Jirgin Haramain ɗaya kujeru 417 ne, in an haɗa biyu sun zama 834. Nan ne ake tseren kujera, kuma wanda ya riga ya samu.

In kuwa duka layukan biyu ne suka toshe, saboda wuta ta ɗauke ko wayar lantarkin sama ta tsinke ko gobara, abin da ake yi shi ne a tsare jirage a tashoshi don kada su maƙale a daji, sannan a riƙa juya su daga tashar da ke kusa da wurin. Ma'ana, layin ya rabu gida biyu. In matsalar tsakanin Jidda da Makka take, mai yiwuwa jirgin Madina ya kawo ku Jidda ya juya. Shi ya sa tambayar "a wane yanki" ta fi "yaushe za a gyara" amfani. Ta biyun ma'aikacin kansa sau da yawa hasashe yake yi.

Irin wannan babbar tsayawa ta taɓa faruwa. Ranar 29 ga Satumba 2019 gobara ta tashi a tashar Sulaimaniyya, jirgin bai koma aiki ba sai a Disamba, bayan an yi layin da ya kewaye tashar. Annobar korona ma ta tsayar da shi daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Maris 2021.

Hattara: in aka ce "an buɗe layi", kada ka ɗauka komai ya koma daidai. Jiragen suna inda bai kamata su kasance ba, direbobi wasu sun cinye awoyin aikin da doka ta yarda musu, ga fasinjojin jirage uku ko huɗu sun taru. Tsayawar awa biyu takan ɓata tsarin sauran yinin.

3. Ƙirga lokaci daga baya

In za ka riƙe mataki ɗaya daga wannan rubutu, to wannan ne. Ɗauki biro ka rubuta abin da ba ya ɗaguwa a gabanku. Galibi jirgin saman komawa gida ne. Daga shi za ka yi ta ragewa har ka iso lokacin da, in ya wuce, ba sauran jiran jirgin ƙasa.

A ce kuna Madina, jirginku na sama zai tashi daga Jidda ƙarfe 11 na dare, ta Addis Ababa ko Istanbul. Ayari mai tsofaffi da kaya, ina so ya kasance a filin jirgi awa huɗu kafin tashi, wato ƙarfe 7. Daga Madina zuwa filin jirgin Jidda wajen kilomita 400 ne. Bas zai ci awa biyar, ka ƙara rabin awa na salla da bayan gida. Ke nan dole bas ya ɗaga ƙarfe 1 da rabi. Loda kaya da ƙirga mutane awa guda: 12 da rabi. Neman bas ɗin da daidaita farashi, wata awar: 11 da rabi na safe. Wannan shi ne iyakarka. In 11 da rabi ta yi ba ka da tabbacin jirgin ƙasa, ka kira mota, ko da ma'aikacin tasha yana rantsuwa cewa saura kaɗan.

Yanzu dubi tarkon. Jirgin ƙasa yana yin wannan tafiya cikin kimanin awa biyu, don haka jagora yakan ga tikitin ƙarfe 3 na rana ya yi daidai, har a samu a yi Azahar a masallacin Annabi. To in sai ƙarfe 3 ɗin ka ji an soke? Awa guda neman bas, rabin awa loda in an yi gaggawa, awa biyar da rabi a hanya: ƙarfe 10 na dare za ku isa, daidai lokacin da yawancin kamfanonin jiragen sama ke rufe awon kaya, awa guda kafin tashi. Tikitin jirgin ƙasa na riyal ɗari biyu ya ja muku asarar tikitin jirgin sama arba'in. Saboda haka ranar komawa gida ba na sayen jirgin da ya wuce na hantsi. Mutane sukan yi gunaguni, a ce za a je a yi zaman banza a filin jirgi. Na yarda da wannan gunagunin.

In ba jirgin sama a gabanku, tsakanin Makka da Madina ne kawai a tsakiyar tafiya, lissafin ya yi sauƙi: abin da za a rasa kwanan otal ne, kuma sau da yawa jira ya fi wa tsofaffi sauƙi da zaman awa shida a bas.

Hattara: Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu. Akwai wanda agogon hannunsa yake nan a lokacin gida har ya dawo. Duk lokacin da za ka faɗa, ka ce "agogon Makka".

4. Kama sabon wuri kafin ka saki tsoho

Kada a yi sakin reshe kama ganye. Kuskuren da na fi gani shi ne jagora ya ji an ce akwai matsala, ya shiga manhaja ya soke tikitin mutanensa duka da hannunsa. Abu biyu ya yi wa kansa. Ya saki kujerun da wataƙila jirginsu zai tashi bayan minti arba'in, sannan ya mayar da kansa wanda ya fasa tafiya da son ransa, wanda ake cire wa wani kaso na kuɗinsa, kuma kason yana ƙaruwa ne yayin da lokacin tashi ke matsowa. Wanda kamfani ya soke wa jirgi matsayinsa daban ne: shi ake ba zaɓin canji ko mayar da kuɗi. Ka bari sokewar ta fito daga gare su, ka ɗauki hoton saƙon da na allon tasha.

Ana cikin haka, ku yi aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya. Mataimakinka ya shiga layin gishe, wato wurin sayar da tikiti, da takardar sunaye, kai kana duba manhaja. Wanda ya fara samu ya kira ɗaya.

Ga yadda nake nema, bi da bi. Jirgi na gaba a aji ɗaya da namu. In babu, babban aji. Ya fi tsada, amma shi ne yakan rage in ƙaramin ya cika. Lokacin da aka buɗe layin a Oktoba 2018 an sa Makka zuwa Madina riyal 150 a ƙaramin aji, 250 a babba. Yau ya wuce haka, kuma yana hawa da sauka gwargwadon rana da cunkoso, musamman goman ƙarshe na azumi. In duka babu, sai in yanka tafiyar: maimakon Madina zuwa Makka kai tsaye, in nemi Madina zuwa Jidda, sauran kilomita 80 ɗin a ƙarasa da mota. Mai barin Makka ma zai iya shiga mota zuwa Jidda ya kama jirgi daga can, in yankin Makka ne ya toshe.

Hattara: Jidda tasha biyu ce, kuma ba duk jirgi ne ke shiga filin jirgin sama ba, domin tasharsa a kan wani ɗan reshe take. Abokin nan nawa na Tawa ya taɓa saukar da mutanensa a Sulaimaniyya yana neman inda ake awon kaya. Ka karanta sunan tashar sau biyu kafin ka biya. Sannan ita tashar filin jirgin a jikin babban ginin nan na ɗaya take. In jirginku na sama daga ginin arewa ko na alhazai zai tashi, sai kun ƙara shiga mota, ka sa wannan cikin lissafin mataki na uku.

Hattara kuma: in ta hannun wani dillali ko wani shafin sayar da tikiti aka saya muku, sau da yawa canjin ma sai ta hannunsa. Ka san wannan tun kana gida, ka karɓi lambar da ake samunsa da dare.

5. Raba ayari, amma da tsari

Ranar rikici ba za ka samu kujeru arba'in a jirgi ɗaya ba. Za ka ga tara a nan, goma sha huɗu a can. Ka karɓa. Wanda ya nace sai an tafi tare yakan kwana a tasha tare.

Tsofaffi da marasa lafiya su ne na farko, kowanne da mai kula da shi. Kada ka raba miji da mata, ko uwa da ɗanta. Kowane rukuni ya samu mutum ɗaya mai waya da intanet, da wanda zai iya ƴar Larabci. Faransancinmu ba ya sayen ko ruwa a can. Ka ba shugaban rukuni sunan otal da Larabci a rubuce, da kuɗin mota daga tasha, domin tashar Makka tana unguwar Rusaifa, kilomita uku zuwa huɗu daga Harami, ta Madina kuwa ta fi haka nisa daga masallaci. Kai jagora kai ne na ƙarshen tashi.

Kowa ya riƙe fasfonsa a jikinsa daga wannan lokaci. Al'adar tara fasfo a jakar jagora tana da daɗi har ranar da jakar ta tafi Makka, masu ita suna Madina.

Maganar kaya. Abin da aka yarda wa fasinja a jirgin shi ne akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, mai matsakaicin girma, da ƴar jakar hannu. Mu kuwa mun san yadda Hajiyoyinmu ke dawowa daga kasuwa: dabino, darduma, jallabiyoyin jikoki, har da bargo. Tun asali ya kamata manyan kaya su bi mota. In ba a yi haka ba, yau ce ranar yi: ka ɗauki mota ɗaya ta kaya, mutum biyu masu ƙarfi su bi ta, a rubuta adadin akwatuna a ɗauki hotonsu. Mutum da jakar hannu kaɗai ya fi sauƙin cusawa a kowane jirgi. Magungunan hawan jini da na sukari kada su shiga motar kaya.

6. In hanya ta zama dole

Ka fara da kamfanin bas da ajans ɗinku ke aiki da shi, don shi ya san ku kuma yana da takardu. In bai samu ba, ƙananan motoci ta Uber ko Careem ko tasi mai rajista, mutum uku zuwa huɗu a kowace, ko manyan nan masu ɗaukar bakwai. Na taɓa biyan riyal 500 a ƙaramar mota daga Makka zuwa Madina a ranar da ba cunkoso. Ranar da jirgi ya tsaya kowa ya fito nema, kada ka yi tsammanin wannan farashin.

A bakin tasha za ka ga masu kiran fasinja, har da masu jin Hausa, su ce "Alhaji, zo mu tafi." Daɗin jin harshen gida kada ya hana ka tambaya. A yi ciniki a gama kafin a loda: kuɗin na mota ne ko na kowane kai, har ƙofar otal ne ko bakin gari, da tsayawa a miƙati ko babu. Rabin kuɗi a farko, rabi in an isa. Ka ɗauki hoton lambar motar ka tura wa mataimakinka. Wani ya taɓa sauke mini mutum shida a gefen titi da nisa daga otal, wai nan ne iyakar cinikinsa, kuma ni na jawo, don ban fayyace ba.

Hattara: in ruwan sama ne ya kawo matsalar, ka bincika hanyar kafin ka fita. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 ruwan da aka yi a Jidda ya sa an rufe babbar hanyar Jidda zuwa Makka na wasu awoyi, jiragen sama ma sun yi jinkiri. Irin wannan rana zama a otal ya fi.

7. Harami, Rauda da ɗawafin bankwana

Nan ne tafiyarmu ta bambanta da ta ɗan kasuwa, kuma nan ne jagora zai jawo malamin ayari kusa.

Mai barin Madina zuwa Makka miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali. Jirgin ba ya tsayawa a can, yana wucewa ne jim kaɗan bayan tashi, don haka ake yin wanka a sa tufafin harami tun daga otal. Abin lura shi ne sa tufafi daban, niyya daban. Wanda ya ɗaura zane bai yi niyya ba, bai shiga harami ba tukuna. In an soke jirgi zai iya komawa otal ya sa rigarsa. Wanda kuwa ya yi niyya ya fara talbiyya a ɗakin jira, ya shiga, kuma duk abin da aka hana mai harami ya hau kansa har ya gama Umra, ko da kwana biyu za a yi ana jira. Saboda haka ranar da tsari ke rawa nakan ce wa mutane: kowa ya riƙe niyyarsa sai jirgi ya motsa. Kada kuma a yi sakaci ta ɗaya gefen, barci ya ɗauke mutum a wuce miƙati bai yi ba; shugaban kowane rukuni shi zai tuna wa mutanensa da zarar an tashi. In an koma bas, abin ya zo da sauƙi, a tsaya a masallacin miƙatin a yi komai a natse.

Waɗanda suka sauka Jidda da haraminsu daga jirgin sama, in jirgin ƙasa ya samu matsala, ban ga dalilin jira ba. Tafiyar awa ɗaya da ɗan abu ce a mota.

Izinin shiga Rauda da ake karɓa ta manhajar Nusuk yana da rana da lokaci. In jinkirin zai sa ku rasa shi, ka duba ko akwai wani gurbi kafin ka taɓa wanda ke hannu. Dabarar da ta fi ita ce tun farko kada a ɗauki izinin a ranar isowa Madina.

Ɗawafin bankwana kuma, a Malikiyya mustahabbi ne, kuma ɗan jinkiri na haɗa kaya ko jiran mota ba ya ɓata shi. In dai zaman ya yi tsawo har aka koma otal aka kwana, malam zai faɗa wa mutane su sake in za su iya. Kada tsohuwa ta tayar da hankalinta a kan wannan.

8. Sanar da waɗanda ke jiran ku

Da zarar sabon tsari ya tabbata, kira uku. Otal ɗin da za ku, don kada su ɗauka ba za ku zo ba su ba wasu ɗakunan. Ka nemi su amsa a rubuce. Otal ɗin da kuka bari, in akwai alamar za a kwana, tun kafin sauran ayarori su rigaye ku. Sai motar da za ta tarbe ku a tasha. Bayan nan ka tura saƙo ɗaya ga ofis a Yamai, su su sanar da iyalai. In ka bar kowa ya kira gida da nasa labarin, kafin Magariba za ka ji an ce jirginku ya yi hatsari.

9. Bin kuɗi

Wannan ba aikin ranar ba ne, amma shaidarsa ranar ake tarawa: hoton saƙon sokewa, tsofaffin tikiti da sababbi, rasiɗin bas ko hoton cinikin da aka yi a waya. Kuɗin da za a mayar yakan koma katin da aka biya da shi ne, ba a ba ka a hannu a gishe, kuma yakan ɗauki kwanaki. In katin wani ne ya biya, shi zai ga kuɗin. Ku yi wannan magana tun kafin ta zama rigima. Sannan abin da zai shigo da sefa ba lallai ya yi daidai da abin da ya fita ba, saboda canji da ladan banki. Sharuɗɗan canji da na diyya suna tare da tikitin lokacin saye. Ka adana su a waya ranar da ka saya, don da su za ka yi magana.

In kun dawo, ka zauna da takardar nan ta mataki na farko, ka rubuta gaban kowane suna abin da aka kashe daga riyal 250 ɗinsa da abin da ya rage, ka kira mutane su karɓa su sa hannu.

Ɗalibanmu da ƴan kasuwa masu zuwa Faransa su ma sukan tambaya, tun ranar 26 ga Yuli 2024 da aka ƙona wayoyin sigina a layukan TGV, jirgin ƙasa mai gudu na can, ranar buɗe wasannin Olamfik, abin ya shafi fasinja wajen 800,000. Matakai na biyu zuwa na huɗu duka suna aiki a can. Bambancin shi ne diyyar a fayyace take: dokar Tarayyar Turai ta ce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti in jinkiri ya kai awa ɗaya, kashi 50 in ya kai awa biyu, sai dai in wani babban dalili ne da ya fi ƙarfin kamfanin. SNCF ma, wato kamfanin jirgin ƙasa na Faransa, a jiragenta na TGV INOUI tana fara biya tun daga jinkirin minti 30. Ba a kawo maka ita har gida. Sai ka cike takardar nema ta intanet da lambar tikitinka, don haka kada ka goge shi daga waya da zarar ka sauka.